Mutum uku ne a hoton

Mu huɗu muka bar Kano, amma mutum uku ne a hoton. Kuma Hajiyarmu ta iya ƙirga 'ya'yanta.

Yaya ne ya kawo maganar. Wai ga shi ya ba hamsin baya, bai taɓa hawan abin da ya wuce Dala da Goron Dutse ba, alhali a ƙasar nan akwai Chappal Waddi, tsaunin da ya fi kowanne tsawo a Najeriya, mita 2,419, can a gandun dajin Gashaka-Gumti na jihar Taraba, daf da iyakar Kamaru. Muka yi masa dariya son ranmu, sannan muka fara tara kuɗin mai.

A watan Disamba muka tashi. Jalingo, Bali, Serti, sai Mayo Selbe inda hanya ta fara naɗe dutse kamar rawani har ta fitar da mu saman Mambila. Daga Nguroje babura suka kai mu ƙauyen da hanya ta ƙare, inda ɗan rakiyarmu yake jira, wani dattijon Bafulatani da muka riƙa kira Baffa. Takalmin roba ne a ƙafarsa, sanda a kafaɗa. Ya kalli sababbin takalmanmu da jakunkunan da muka cika da kilishi da garin kwaki, bai ce komai ba. Shi Gangirwal yake kiran dutsen.

Daga ƙasa wurin kamar shimfiɗaɗɗiyar darduma yake, ciyawa iya ganinka. Sai ka shiga za ka gane cewa bayan kowane tudu akwai kwari mai duhun itatuwa da rafi, kuma duk abin da ka hau sai ka sauke rabinsa kafin ka sake hawa. A irin wannan gangaren ne gwiwar Yaya ta amsa. Bai faɗi ba, zama kawai ya yi, ya ce yana kallon gari ne.

Muka kafa tanti a bakin rafi bayan la'asar. Sanyin da muke kuka da shi a Kano ashe wasan yara ne. Ruwan alwalar magariba sai da muka ɗumama shi a butar shayi. Babu sabis a waya, don haka babu inda za mu ɓoye fuskokinmu lokacin da Auta ya yi tambayar da kowa ke gudu: gobe yaya za a yi? Gwiwa ta kumbura ta cika wando. Muka ce mu juya gaba ɗaya, amma a irin muryar da mutum ke tayin abincin da ba ya son a ci.

"Ku je," in ji Yaya. "Ni na taso ku daga gida. Ku dawo kafin azahar."

Muka ce to. Saurin da muka yi wajen cewa to ɗin nan shi ne har yau yake damunmu.

Da asuba muka bar masa bargo biyu da buta, muka bi hasken tocilar Baffa. Raɓa ta jiƙa mu har cinya. Can sama tafiya ta koma rarrafe, hannu da ƙafa. Baffa ya hana mu kama ciyawa, ya ce tana tsigewa da mutum; dutse za ka kama, shi ma sai ka girgiza shi tukuna, kuma ba ka ɗaga ƙafa sai hannuwanka biyu sun zauna. Numfashi ya yi gajere, gwiwoyi suna rawa. Sau biyu muna ganin ƙololuwa muna kabbara, mu isa mu tarar da wata a bayanta. Da muka kai ta gaskiyar, ba wani abin a zo a gani: ciyawa, iska mai yanka kunne, da hazo. Baffa ya nuna da sanda ya ce can Kamaru ce. Shi ya ɗauke mu hoton.

Da a nan muka juya, da mun cika alkawari. Sai dai akwai wani tsauni a gefe, kamar ka miƙa hannu ka taɓa. Baffa ya dubi sama ya ce bai so ba. Mu kuwa muka ce yaushe za mu sake zuwa nan? Muka hau shi. A kansa gajimare ya rufe mu, har ba ka ganin wanda ke gabanka sai dai ka ji takunsa. Saukowar ta ci mana sa'o'i, da mazaunai muka yi rabinta.

Rana ta yi ja sa'ad da muka iso tanti. Bargo na nan, buta na nan, babu Yaya. Muka yi ta kwala kira, kwari yana maido mana da muryoyinmu. Auta ya durƙusa yana kuka kamar yaron goye. Baffa kuwa ƙasa yake dubawa, ya bi sawu, muka bi shi.

A wata ruga muka same shi, an ɗaure masa ƙafa da tsumma, ga ƙwaryar kindirmo a gabansa. Ashe da azahar ta wuce bai gan mu ba, sai ya sari sanda ya biyo mu, yana tsoron ko wani abu ya same mu. Bai yi nisa ba ya zame a gangare. Wani yaro mai kiwo ne ya ji shi. Da ya gan mu, abin da ya fara yi shi ne ƙirga mu da ido. Sannan ya ce, "Kun kai?" Muka ce mun kai. Ba mu faɗa masa na biyun ba.

Kwana ɗaya muka shirya, biyu muka yi. Washegari a kan dokin mai rugar ya sauko.

A gida Hajiya ta karɓi wayar, ta matso da ita kusa da ido, ta daɗe tana kallo.

"Ina yayanku?"

Kafin waninmu ya buɗe baki, Yaya ya gyara zaman ƙafarsa a kan tabarma.

"Ni na ɗauka, Hajiya."

Ta dube shi, ta dube mu ɗaya bayan ɗaya, ta miƙo wayar. Ta ce a kawo mata man zafi.