Zanen Abin da Ido Bai Taɓa Gani Ba

Akwai wata sana'a cikin harkar silima wadda ba kowa ya san da ita ba, watau zana abin da za a gani a fim tun ba a ɗauki ko hoto guda ba. In labarin ƙagaggen labarin kimiyya ne, mai kumbuna da biranen wasu duniyoyi, to aikin ya fi wuya, domin babu inda mai zane zai je ya kwaikwayo. Ni dai na daɗe ina koyon wannan aiki a kwamfuta, shi ya sa na ga ya kamata in gutsura wa 'yan'uwa abin da na fahimta.

Sana'ar ta girmi zanen kwamfuta. A 1975 Ralph McQuarrie ya zana wa George Lucas hotunan Star Wars, hotunan nan kuwa sun taimaka wajen shawo kan kamfanin 20th Century Fox, har fim ya fito a 1977. Syd Mead, wanda ya taɓa aikin zana motoci a kamfanin Ford, shi ya zana motoci da titunan Blade Runner na 1982. Dukansu da fenti da buroshi suka yi aiki, Photoshop bai shiga kasuwa ba sai 1990. Saboda haka duk dabarun da nake bi yau da alƙalamin Wacom, tsohuwar zuma ce.

Nakan fara da 'yan ƙananan siffofi baƙi ƙirin kamar inuwa, ashirin ko talatin, in zaɓi ɗaya. Kumbon da ba a gane shi daga inuwarsa ba, ko an yi masa kwalliyar amarya ba zai gyaru ba. Sa'an nan in tsara haske da duhu da toka-toka kawai, launi sai daga baya. Alherin kwamfuta shi ne tana ba ka shafuka masu kama da gilashi, wani bisa wani. Sararin sama na nan, birni na nan, mutane na nan, kana iya gyara ɗaya ba ka taɓa sauran ba.

Dabarar nuna nisa kuwa, hunturu ya koya mini. Ku duba ranar da hazo ya sauko: bishiyar kusa tana da duhu, ta bayanta ta kwashe, dutsen can nesa da ƙyar ake ganinsa. Haka nake yi wa gine-gine. Kuma komai girman kumbo, mai kallo ba zai ji girmansa ba sai an tsayar da ɗan mutum a gindinsa. Wani lokaci nakan ɗauki hoton injin niƙa ko cikin janareta in lulluɓa wa jikin kumbon, in ƙara masa tsatsa da ƙura, domin abin da ya sha aiki ya fi shiga rai.

Tun 2022 da manhajoji irin su Midjourney suka fito, abokai kan tambaye ni, me ya sa nake wahalar da kaina alhali na'ura za ta fitar da hoto cikin ƙiftawa da bismilla? Tambayar tana damuna, don abincin mutane ne ake magana. Amma mai shirya fim zai tambaya, ina ƙofar kumbon nan, yaya ake buɗe ta, su wa ke kwana ciki? Wanda ya yi tunanin abin ne zai amsa. Kuma na'ura abin da aka ɗura mata take amayarwa. Ni in zan zana birnin shekara ɗari uku masu zuwa, nakan ba shi bango mai kauri saboda zafin rana, da zanko a kan soro, da rumfar da za a zauna a yi hira. In ba mu zana gobenmu ba, wasu za su zana ta, kuma ba lalle su tuna da mu ba.

Mai sha'awa ya nemi Krita, kyauta ce, ya fara da inuwa. Sannu ba ta hana zuwa. Allah ya sa mu dace.