Katin farin shiga, ko darajar abin da aka zubar

Akwai wata al'ada ta Amurkawa da ta daɗe tana sa ni tunani: tara ƴan katuna masu hoton ƴan wasan besbol, waɗanda a da ake sakawa cikin ƙunshin cingam domin jan hankalin yara. Wanda masu tarawa suka fi nema shi ne katin farin shiga, wato na farko da wani babban kamfani ya buga wa ɗan wasa sa'ad da ya shiga babbar gasar ƙasar.

Gane shi sai da lura. Tun 2006 ana buga masa tambarin RC a fuska, amma a tsofaffin katuna sai an duba shekara, da sunan kamfani, da lambar da ke baya. Katin Mickey Mantle na kamfanin Topps na 1952, wanda aka sayar dala miliyan 12.6 a 2022, mutane da dama suna ɗaukarsa na farin shiga. Alhali kuwa kamfanin Bowman ya riga ya buga masa nasa a 1951, mai lamba 253.

To, me ya sa ƙane ya fi wa tsada? Katin 1952 ya fito ne a ƙarshen kakar wasa, ya yi kwantai. Sy Berger, ma'aikacin Topps, ya ba da labarin cewa daga baya an zubar da ragowar a teku. Waɗanda suka isa hannun yara kuwa, wasu an maƙala su a ƙafar keke don su yi ƙara, wasu iyaye mata sun share su tare da shara. Katin farin shiga na Ken Griffey Jr., na Upper Deck a 1989, an buga shi da yawan gaske, kowa ya adana nasa, shi ya sa farashinsa bai ko kama ƙafar na Mantle ba. Shaharar ɗan wasa kaɗai ba ta isa ba. Sai an haɗa da ƙaranci.

Sai kuma lafiyar katin. Kamfanoni irin su PSA suna ba da maki daga 1 zuwa 10, bayan sun duba daidaiton hoto a tsakiya, da kusurwoyi, da gefuna, da fuska, sannan su rufe katin cikin roba.

A nan ne na rabu da kasuwa. Katin da ya ci maki mai yawa shi ne wanda yaro bai taɓa sa wa a aljihu ba, bai yi musaya da shi a filin makaranta ba, wato wanda bai yi aikin da aka buga shi dominsa ba. Mai lanƙwasasshiyar kusurwa ya faɗi a farashi, amma shi ne shaidar yadda yaran 1952 suka ƙaunaci gwarzonsu. Duk mai adana kayan tarihi, ya kamata ya san wace daraja yake aunawa kafin ya ce wani abu ya lalace.