Shekarun da ke cikin ido

Kifin shak na tekun Girinlan ba shi da ƙashi mai tauri da za a ƙirga zoben shekarunsa, duk guringuntsi ne. Sai masana suka koma ga idonsa. Tsakiyar ƙwayar idon tana samuwa tun kafin haihuwa, kuma ba ta sabuntuwa. A 2016 Julius Nielsen da abokan aikinsa suka auna sinadarin kabon-14 a idanun kifaye mata 28. Babbar cikinsu, mai tsawon mita 5, aka ƙiyasta mata shekara 392, ko da yake lissafin na lilo tsakanin 272 da 512.

Wannan tazarar ce ta fi tsaya mini a rai. Ko ƙaramin adadin aka ɗauka, ta riga Shehu Usmanu Ɗanfodiyo zuwa duniya.