Manoman da Suka Ƙi Mota

A Jihar Fensilbaniya ta ƙasar Amurka akwai wata gunduma da a ke kira Lankasta, wajen mil 70 yamma da birnin Filadelfiya. A nan ne waɗansu manoma Kirista su ke zaune, ana ce da su Amish. Asalinsu daga Switzalan ne da ƙasashen da ke maƙwabtaka da ita. A 1693 suka ware, suka bi wani malaminsu, Jakob Ammann. Daga baya tsanani ya sa suka soma ƙetare teku cikin ƙarni na 18.

Ran nan da kaka wani magidanci na Filadelfiya ya ɗebi matarsa da 'ya'yansa biyu, suka tafi buɗe ido can. Da barinsu babbar hanya sai ga keken doki mai rufi, ruwan toka, yana tafe sannu a hankali, motoci na biye da shi ba yadda za su yi. Dama da hagu masara ce da taba da shanun tatsa. Cikin gona alfadarai ke jan injin, ba tarakta. Uwargidan ce ta fara lura ba wayar lantarki ko ɗaya da ta shiga gidajen.

Kada mai karatu ya zaci talauci ne ko jahilci. Mutanen nan sun auna ne, suka ga mota ta kan nisanta mutum daga maƙwabcinsa, alhali kuwa su da maƙwabci su ke rayuwa. In gobara ta ci wa ɗayansu rumbu, sai maza su taru a yi gayya, a ta da sabo cikin 'yan kwanaki. Ba su gina ɗakin ibada. Gida gida su ke zagayawa, Lahadi guda cikin biyu.

Da suka tsaya sayen cuku a ƙofar wani gida, 'yar magidancin ta ɗaga abin ɗaukar hoto. Mai gidan, dattijo mai dogon gemu ba gashin baki, ya kau da kai kurum. Uban ya ce, "Ajiye, 'yata, su a wurinsu hoto girman kai ne." Ɗan kuwa makarantarsu mai ɗaki guda ta ba shi sha'awa, musamman da ya ji daga aji 8 a ke sallamar yara. A kan wannan har gaban Kotun Ƙoli aka je, a 1972 ta ba Amish gaskiya.

Amma abin da ya fi damun su yanzu ƙasa ce. Suna da haihuwa, yawansu kan ninka cikin kamar shekara 20, ga gona ta yi tsada, ga masu gine-gine da baƙi 'yan kallo sun matso. Uba mai 'ya'ya bakwai ina zai samo gona bakwai? Don haka da yawa sun koma sassaƙa da gini da ƙananan kantuna, waɗansu kuwa sun yi ƙaura zuwa Kentaki da Wiskonsin neman inda gona ta fi araha.