Hakkin Mai Kallo A Kan Mai Dabo

Kowace sana'a a duniya tana da irin ƙaryar da jama'a suka yafe mata. Ɗan wasan kwaikwayo yakan naɗa rawani ya hau karaga ya ce shi ne sarki, ba kuwa wanda zai kai ƙararsa gaban alƙali, domin kowa ya san da an tashi wasa zai tuɓe ya nufi gida a ƙasa. Haka nan mai dabo na bakin kasuwa, wanda ke fid da ƙwai daga cikin hular yaro; ana dariya, ana jefa masa 'yan kuɗi, a watse. Amma akwai wani reshe na dabo da ya bunƙasa a Turai da Amurka, wanda al'amarinsa ya daɗe yana damuna, watau wasan karanta zuci. Mai wannan wasa zai dube ka ne kurum, ya faɗa maka lambar da ka rubuta ka ɓoye, ko garin da ka riƙe a ranka, ko sunan kakarka da ta rasu. Yanzu da hotunansu suka cika wayoyin hannu, tambayar da nake yawan ji a majalisa ita ce: shin mutanen nan suna gaya wa masu kallo cewa ba su da wata baiwa ta sanin ɓoye, ko kuwa barinsu suke yi cikin duhu?

Kafin in amsa, ya kamata mai karatu ya san cewa dabarun ba wasu na a zo a gani ba ne, kuma an daɗe da rubuta su a littattafai. Akwai ta tattara labari tun kafin a fara wasa, inda yaran mai wasan za su saje da jama'a a bakin ƙofa, suna hira suna tsintar sunaye. Akwai ta karanta motsin jiki, watau a riƙe hannun mutum, a ce ya tuna inda aka ɓoye abu, hannun nasa kuwa ya riƙa jan mai wasa zuwa wurin ba tare da shi kansa ya sani ba. Akwai kuma ta faɗin maganar da ta dace da kowa. A shekarar 1948 wani malamin ilmin halayyar ɗan Adam a Amurka, Bertram Forer, ya ba ɗalibansa 39 takardu, ya ce kowa bayanin halinsa ne shi kaɗai. Ya ce su auna dacewar bayanin, maki biyar ne ƙarshe, sai matsakaicin abin da suka bayar ya kai kusan 4.3. Ashe takarda ɗaya ce ya raba wa kowa, ya tsinto jimlolinta daga littafin taurari na bakin titi.

To, game da faɗa wa jama'a gaskiya, masu wannan sana'a sun kasu kashi uku.

Kashi na farko su ne masu cewa baiwa ce ta haƙiƙa. Babban misalinsu shi ne Uri Geller, wanda aka haifa a Tel Abib a 1946, ya yi suna da lanƙwasa cokali da tayar da agogon da ya tsaya, yana cewa ƙarfin zuciyarsa ne. A 1973 aka gayyace shi shirin telebijin na Johnny Carson a Amurka. Shi kuwa Carson ya taɓa yin dabo yana saurayi, saboda haka ya nemi shawarar wani gwanin dabo mai suna James Randi, aka tanadi cokula da sauran kaya ba tare da mutanen Geller sun taɓa su ba. Geller ya zauna gaban miliyoyin masu kallo ya kasa yin kome, ya ce ba ya jin ƙarfi a daren. Abin mamaki, wannan bai kashe masa kasuwa ba, har ma wasu suka ce ai kasawar tasa ita ce shaida, domin da dabara ce da kullum tana ci. Randi ya sa ladan dala dubu ɗaya tun 1964 ga duk wanda ya nuna irin wannan baiwa ƙarƙashin jarrabawa, ladan ya yi ta ƙaruwa har ya kai dala miliyan ɗaya. Aka rufe gasar a 2015, ba wanda ya ci. Randi ya rasu a 2020.

Kashi na biyu su ne masu fitowa fili su ce dabara ce. Cikinsu akwai wanda ake kira Banachek, sunansa na yanka Steve Shaw. A 1979 wani attajiri mai kamfanin ƙera jiragen sama, James McDonnell, ya ba Jami'ar Washington da ke birnin St. Louis dala 500,000 domin a binciki masu irin wannan baiwa. Shaw da abokinsa Michael Edwards, dukansu samari ne da ba su kai shekara ashirin ba, suka je da sanin Randi suka yi ta lanƙwasa ƙarfe a gaban masu binciken. Umarnin da aka ba su shi ne, duk ranar da aka tambaye su kai tsaye ko dabara suke yi, su amsa da gaskiya. Bisa ga faɗarsu, ba a taɓa yi musu wannan tambaya ba. A 1983 suka tona kansu a gaban 'yan jarida. Tun daga nan Banachek ya ci gaba da wasa yana shaida wa jama'a cewa gaɓoɓin ji da gani irin na kowa yake amfani da su.

Kashi na uku, wanda ya fi yawa, su ne masu tsayawa a tsakiya. Ba za su ce baiwa ce ba, ba kuma za su ce dabara ce ba, sai su ce kowa ya yanke hukunci da kansa. Hujjarsu ita ce, wanda ya biya kuɗin shiga mamaki ya zo saye, in ka gaya masa dabara ce ka zubar masa da miya tun bai kai loma baki ba. Wasunsu sukan rubuta cewa wasan na nishaɗi ne kurum, amma da 'yan ƙananan haruffa a gindin takarda. Wannan rubutu kuwa yana da alaƙa da tsoron shari'a: dokar Ingila ta 1951 ta haramta da'awar magana da matattu ko sanin zuci da nufin yaudara don samun kuɗi, amma ta keɓe abin da aka yi don nishaɗi zalla. An soke ta a 2008, aka mai da al'amarin ƙarƙashin dokokin kare masu sayen kaya.

Akwai kuma wata matsala da ta fi wannan zurfi, wadda ta shafi har masu faɗin gaskiya. Derren Brown, Bature ɗan Ingila da ya fara fitowa a telebijin a shekarar 2000, yakan faɗa tun farkon shiri cewa ba shi da wani iko na ɓoye, haɗin dabo ne da ilmin halayya da karkatar da hankali da iya tsayuwa gaban jama'a. A 2004 ya shirya zaman kiran matattu, ɗalibai suka tabbata sun yi magana da ruhun wata yarinya, a ƙarshen shirin aka nuna ta da ranta, 'yar wasa ce. Wannan aiki ne na a yaba. Amma a 2003 wani marubucin kimiyya, Simon Singh, ya soke shi a jarida, ya ce da yawa cikin abin da yake jingina wa ilmin halayya dabo ne irin na kullum. A ganina sukar tana da tushe. Idan mai kallo ya shiga zauren wasa yana zaton aljanu ne, ya fito yana zaton akwai mutumin da zai iya karanta sirrinsa daga ƙiftawar ido, to, an gudu ne ba a tsira ba. An cire masa ƙarya ɗaya an ɗora masa wata mai rigar ilmi.

Sa'an nan ko an faɗi gaskiya tsantsa, ba kowane kunne ke ɗauka ba. Arthur Conan Doyle, marubucin labaran Sherlock Holmes, likita ne mai ilmi, kuma aboki ne ga Harry Houdini, gwanin dabon zamaninsa. Houdini ya sha gaya masa cewa duk abin da yake yi dabara ce da horon jiki. Doyle ya ƙi yarda, har bayan rasuwar Houdini a 1926 ya rubuta cewa mutumin yana da ikon ɓoye, musu kurum yake yi. Doyle ya rasa ɗansa a 1918, kuma zuciyar da ke cikin makoki ba ta rasa abin kamawa. A 1980 wasu malaman jami'a a Kalifoniya suka buga sakamakon wani gwaji: sun kawo mai dabo gaban ɗalibai, suka shaida wa wasu azuzuwa ƙarara cewa dabara za su gani, duk da haka fiye da rabinsu suka fito suna cewa baiwa ce. Gani ya kori ji, in ji Hausawa, amma a nan korar ba ta alheri ba ce.

Abin da ya sa ban ɗauki wannan magana da wasa ba shi ne, na ga inda irin waɗannan dabaru suke kaiwa idan an cire musu sunan wasa. Ina da wata goggo wadda ɗanta ya tafi neman kuɗi kudu, shekara uku ba wasiƙa ba saƙo. Aka kai ta wurin wani mai duba. Tun ba ta gama gaisuwa ba ya ce mata, “Baiwar Allah, ɗanki ne ya kawo ki, mai tabo a goshi.” Ta dawo gida jiki na rawa, ta ce mini, “Ɗana, mutumin nan ya san kome.” Na ce, “Goggo, wa ya raka ki?” Ashe matar da ta yi mata hanya ta riga ta kwana biyu tana zuwa gidan. Kafin goggo ta farga, awakinta huɗu sun tafi. Dabarar da aka yi mata ita ce daidai wadda aka kama wani mai wa'azi na Amurka, Peter Popoff, yana yi a 1986, lokacin da aka gano matarsa ce ke karanto masa sunayen marasa lafiya da cututtukansu ta wata 'yar rediyo da ke cikin kunnensa, daga takardun da mutanen suka cika da hannunsu a bakin ƙofa. Dabara ɗaya ce da ta mai wasa a dandali. Bambancin duka yana cikin abin da aka gaya wa mutum kafin a karɓi kuɗinsa.

Saboda haka ra'ayina shi ne, ba wanda ya isa ya tilasta wa mai dabo ya tona yadda yake yi, domin wannan sirrin sana'arsa ne, da shi yake ci da iyalinsa. Amma mai kallo yana da hakki uku a kansa. Na ɗaya, a gaya masa da baki, da murya mai ƙarfi, cewa abin da zai gani dabara ce. Na biyu, kada a ba shi bayanin ƙarya a madadin na gaskiya. In ba za a faɗi hanyar ba, a yi shiru. Na uku, idan an sauka daga dandali wani ya biyo mai wasa da hawaye yana tambayar labarin mamacinsa ko ɓataccen ɗansa, lalle ne a ce masa, “Ban san kome ba, wasa ne.” Wanda ya cika waɗannan uku, zan biya in kalle shi, in tafa masa da zuciya ɗaya. Wanda ya kasa na ukun kuwa ya fita daga sahun 'yan wasa, ya shiga na macuta, ko da kwat ya sa ko da rawani.

Mu kuma masu kallo akwai namu aikin, sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Masanan St. Louis sun yi shekaru suna auna cokula, suka bar tambaya guda wadda ko yaro zai iya yi. Duk wanda ya faɗa maka abin da ke ranka, ya kai mai karatu, ka dube shi ka ce, “Malam, dabara ce ko kuwa?” Sa'an nan ka tuna wa ka gaya wa labarinka kafin ka iso wurinsa. Allah Ya raba mu da sharrin macuta, amin.