Ƙyallen da yarona ya aiko daga Sikotlan

Kwanan baya babban ɗana, wanda ke karatu a Glasgow, ya aiko mini da ƙyallen wuya na ulu. Kore ne mai duhu, da shuɗi da baƙi, layi ya ratsa layi. Shekara talatin ina sayar da yadi a Gbagi, don haka na juya shi na ce, kai, wannan ai yadin yunifom ɗin 'yan makaranta ne. Da na faɗa masa a waya sai ya fashe da dariya, ya ce, "Baba, tartan ne, sunansa Black Watch, na wata tsohuwar rundunar sojansu."

Sai na sa tabarau na ƙirga zare. Ashe lissafi ne. Yadda aka jera launuka a zaren tsaye, haka ake maimaita su a na kwance, adadi ɗaya. Inda shuɗi ya hau shuɗi sai ya fito tsantsa, inda ya ratsa kore sai a samu launi na uku wanda babu marinin da ya rina shi. Wannan ya burge ni, wallahi. Ya ce akwai Royal Stewart mai rinjayen ja, kuma dangi da yawa, irin su MacDonald da Campbell, kowa da nasa zubin.

Na ɗauka abin tun kaka da kakanni ne. Ashe a'a. A da, zubin ya fi bin yanki da abin da masaƙin wurin ya samu na rini, har da shuni da ake kawowa daga waje. Bayan yaƙin Culloden a 1746, gwamnatin Birtaniya ta hana mazan tsaunukan arewa sa tufafinsu na gargajiya, ban da sojoji, sai 1782 aka soke dokar. Rabon zubi ga kowane dangi ya kankama ne wajen 1822, lokacin da Sarki George na huɗu ya ziyarci Edinbura. Yau har rajista gwamnati ke yi, kuma Musulmin ƙasar ma sun fitar da nasu a 2012.

Can sai yaron ya ce, "To Baba, mu wanne ne namu? Abokaina sun tambaye ni."

Na yi shiru. A Sabo aka haife shi, Yarabancinsa ya fi Hausarsa kaifi. Ni kuwa sai rigar saƙin mahaifina ta faɗo mini a rai, wadda ya zo da ita daga Kano, baƙin shuni da ƙananan ɗigon fari kamar jikin zabo. Shekarar da kasuwa ta karye na sayar da ita, na biya kuɗin haya. Yaron bai taɓa ganinta ba.

Na ce masa sunansa saƙi. Ya ce in turo hoto. Jama'ar Sabo, duk wanda ke da irinta a adaka, don Allah ya leƙo shago bayan La'asar, hoto kawai zan ɗauka.