Ranar Da Na Fara Lissafi Da Kwamfuta

A hutun da ya wuce, yayana mai karatu a Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Aliko Dangote da ke nan Wudil ya ce in taya shi aikin bincike. Ran Juma'a muka shiga kara da takardun tambayoyi, muna tambayar masu sayar da shanu shekarunsu da garuruwan da suka fito.

Da dare ya nuna mini wata manhajar ƙididdiga wai ita R. Malamai biyu ne, Ross Ihaka da Robert Gentleman, suka fito da ita a ƙasar Niyu Zilan cikin 1993, kyauta kuma ake samunta. Ya ce kowane mutum a ba shi layinsa, kowace tambaya gurbinta, sa'an nan ya bar ni ina shigarwa.

To, waɗansu dattawa sun ƙi faɗin shekarunsu, sai na rubuta musu 999. Da muka nemi matsakaicin shekaru, sai ga shi ya haura 100! Gabana ya faɗi, domin kashegari zai kai wa malaminsa aikin.

Na ce, "Yaya, kwamfutar nan ta lalace."

Ya yi dariya ya ce, "Abin da ka ba ta shi ta lissafa." Ya sa na goge 999 na rubuta NA, watau babu amsa, muka umarce ta ta tsallake su. Nan take lissafi ya daidaita.

'Yan'uwana ɗalibai, in kun fara wannan aiki, ku duba abin da kuka shigar tukuna kafin ku zargi na'ura. Da koyo akan iya.